Furar Inna a Jirgin Abuja

Ku da kuka kama aiki bana, akwai wata safiya da har gobe ba ta fita raina. Da damina ne, ana noman farko, ina ƙaramin ma'aikaci a kantar auna kaya ta filin jirgin saman Kano. Aikinmu shi ne duba tikiti, da raba kayan da fasinja zai riƙe a hannu da waɗanda za a loda a ƙasan jirgi.

Sai ga wani dattijo, Malam Sale, daga wani ƙauye bayan Kunci, za shi Abuja. Ya yi shiri kamar mai tafiya Makka a ƙafa: tabarma, buta, bargo, ƙullin dambu, har da soyayyiyar zabuwa. Ya kuma rungume ƙwaryar fura da jarkar nono.

Na ce, "Baba, duk wannan guzurin fa? Tafiyar ba ta wuce awa ɗaya."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Yaro, ka taɓa zuwa Abuja? Maƙwabcina da hantsi ya hau mota, sai isha'i ya sauka. Kai dai auna."

Na bar gardamar, na faɗa masa doka: ba a shiga jirgi da ruwa mai yawa a hannu, nono kuwa ruwa ne. Nan fa dattijo ya kafe. Ashe ɗansa Habu ke kwance a asibiti a can, an yi masa aiki, ya ƙi cin komai, furar mahaifiyarsa kawai yake kira. Matar Habun ce ta sayi tikitin.

Ya ce, "In ba da nonon nan ba, me zan je yi? Kallonsa?"

Ga shi an fara kiran fasinjoji. Shugabar sashenmu, Hajiya Binta, ta taso ta ce a ɗaure jarkar da leda, a naɗe ta cikin bargon, a loda a ƙasa.

"A ƙasa? Ai kafin mu kai Zariya ya yi tsami!"

"Baba, in ya yi tsami, ka dawo ka kama ni."

Da ƙyar ya saki jarkar. Ƙwaryar kam bai ba kowa ba.

Da ya dawo, daga wajen sauka ya zagayo yana cigiyar yaron nan mai gardama. Ya ce, "Ko dambun ban kwance ba. Ina shirin tambayar inda ake alwala aka ce mun iso. Habu ya sha furar har ya nemi ƙari."

Na ce, "To Baba, wa ya yi gaskiya?"

Ya yi dariya, sannan ya ce, "Daga gidana zuwa nan ya fi cin lokaci. Tun da Habu ya tare a can ban taɓa leƙa shi ba, kullum sai in ce nisa. 'Ya'yansa ba su gane ni ba."

Tun daga ranar, in na ga mai kaya ya kafe, kafin in karanta masa doka sai na tambayi wa ake kai wa. Ku ma ku riƙe wannan.

Bayan girbi ya sake zuwa, wannan karon da matarsa, tana ɗauke da tabarma da buta. Ina ji yana ce mata, "Ajiye su, ke dai kin cika ƙauyanci. Tafiyar ba ta wuce awa ɗaya."