Gwaggo Mai Keke, Wadda Ta Hana a Ƙwace Filinmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Mai Keke bayan gajeruwar jinya. Ina tsakiyar yi wa wani aski labarin ya iso. Na ɗaga ido na dubi gindin darbejiyar da take ajiye keken ɗinkinta, hannuna ya ƙi ci gaba. Mutumin ya sa hularsa a kan rabin aski ya tafi.

Gwaggo, wanda bai san unguwarmu ba ba zai gane abin da muka rasa ba. Gidaje ne a cunkushe, lungu kuwa ko mai baro sai ya karkace yake wucewa. Lambun shaƙatawa yana tsallaken babban titi, a unguwar masu hali, da ciyawa shar da lilo da maigadi. Yaranmu kan tsallaka su tsaya a ƙofa, maigadin ya dubi ƙafafunsu ya ce wurin na mazauna ne, kamar mu a sama muke zaune. Abin da ya rage mana shi ne filin gaban shagona, shi ma ya zama juji.

A kan titin nan mota ta karya jikanki yana dawowa daga leƙen lilo. Ba ki zagi kowa ba. Ana sallamo shi daga asibiti kika sa aka ɗauko kekenki aka dasa a tsakiyar jujin, kika share iya inda za ki zauna, kika kama ɗinki ƙudaje na bin ki. Ni da bakina ba ya shiru na ce Gwaggo ta buɗe reshe a bola. Ko ɗagowa ba ki yi ba kika ce, "Ɗan nan, bayan kai kawai ka iya, ba ka san abin da ke ciki ba. Wurin da babu kowa shi ake ƙwacewa."

Dabararki ke nan, ba ki da wata. Duk wanda ya kawo gyara sai ya zauna ya jira, ko da maɓalli ɗaya ne. Mutane suka ji kunyar zama cikin shara, kowa ya kwashe ta gabansa. Kafinta ya gaji da tsayuwa ya haɗa benci, mai faci ya ɗaure tsohuwar taya ta zama lilo. Da samari suka so gina matakala a mashiga don ado, kika tambaye su ta ina maƙwabcinmu mai keken guragu zai shigo. Da aka kawo shawarar ƙofa da kwaɗo, kika ce ai ƙofa ce ta kore mu daga can, ba za mu koyi korar juna ba. Mahaifiyata, da tari ya hana ta sakat a ɗakinmu marar taga, a inuwar nan ta sami numfashi shekarunta na ƙarshe. Wannan alherin ba zan manta da shi ba.

Ba sau ɗaya ba masu awon fili suka zo da igiyarsu, don ana so a yanka wurin a yi shaguna. An gaya musu kango ne. Kullum sai su tarar da ke kina taka keke, tsofaffi na hira, yara na ihu, ki ba su ruwa su sha su koma.

Kin san za su ji labarin rasuwarki. Shi ya sa a gadon asibiti kika gaya wa 'yarki kada a yi zaman makoki a gida, a shimfiɗa tabarmi a fili. Wasu dangi suka ga abin bai dace ba, amma aka cika miki. Ana cikin zaman kuwa sai ga su. Suka tarar babu masaka tsinke. Babbansu ya naɗe igiyarsa, ya cire takalmi ya zauna aka yi addu'a da shi. Da zai tafi ya raɗa mini cewa ba shi ke yanke hukunci ba, za a sake turo su.

Na san za su dawo, kuma ina tsoro, don zaman makoki ƙarewa yake yi. Jiya na fito da kujerar askina na kafa ta a gindin darbejiya, inda ƙafafun kekenki suka bar rami a ƙasa. Mai son aski ya zauna ya jira.

Allah Ya jiƙan ki, Gwaggo, Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata kabarinki kamar yadda kika yalwata mana wurin zama. Ya saka ki a Aljanna Firdausi, lambun da ba a duban ƙafar kowa a ƙofarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki da jikokinki da dukan unguwa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.