Makin Zama Uku

Shekararmu ta shida ke nan a ƙasar waje, a unguwar Setapak, lokacin da 'yata ta fari ta zauna jarrabawar neman shiga jami'o'in waje, wadda ake yi kashi biyu, Turanci da lissafi. Zama ɗaya ta yi, makin ya fito da kyau, har babanta, da ke koyarwa a wata kwaleji kusa da mu, ya ce babu buƙatar sakewa. Ni kuwa ban bar gidan da ake jin Hausa a benenmu ban kai labarin ba.

A hawa na tara akwai wata Bazazzagiya da mijinta ke karatun digiri na uku. 'Yarta sa'ar tawa ce, amma ita sau uku ta zauna. A na farko Turanci ya yi kyau, lissafi ya zube. Na biyu ba yabo ba fallasa. A na uku lissafin ya tashi, Turancin ya sauka. In na haɗu da uwar sai in ce, "Allah ya sa a dace wannan karon," ina jin daɗin kalmar a raina.

Jami'a ɗaya yaran suka nema, da tallafin karatu. Tawa aka ce ta jira ko gurbi zai samu. Bayan kwana biyu, da hantsi ina yanka albasa, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyar ce da kwanon waina, baki har kunne.

"Hajiya, an ɗauki 'yarki! Har da tallafin gaba ɗaya."

Tata take nufi. Na yi mata barka, na ce, "Ashe na ukun ya yi kyau haka?"

"Ba shi kaɗai suka duba ba. Turancin farko suka ɗauka, suka haɗa da lissafin ƙarshe. Haka tsarinsu yake."

Tana fita na rufe wainar, ko ɗanɗanawa ban yi ba. Da maigida ya dawo na tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Malam, wannan adalci ne? Yarinyar da ba ta taɓa kamo tamu a zama ɗaya ba!"

Ya buɗe shafin jami'ar ya karanta. "A rubuce yake," in ji shi. "Wasu zaman ƙarshe suke dubawa, wasu dukansu, waɗannan haɗawa suke yi. Ni ne ban karanta ba."

Na so a ce maguɗi aka yi, da na samu abin riƙewa.

'Yata ta yi kukanta na yini guda. Washegari ta hau sama ta aro littattafan ƙawarta, alhali ni ko gaisuwar uwar ina gudu. Da walimar tafiyar ƙawar ta matso na je Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin masu yadi, sayen yadin da zan kai. Na ɗauki mai kyau, na juya shi, na mayar, na ce a yanko mini na gefensa mai araha.

Tawa ta sake zama, makin ya ƙaru, amma lokacin neman tallafin ya wuce. Yanzu tana karatu a nan cikin gari, a unguwar Cheras, kullum tana dawowa gida, kuma ba ta ƙorafi. Uwar waccan takan turo hoton 'yarta cikin rigar sanyi a bakin ɗakin karatu. Nakan kife wayar, in gama abin da nake yi, sannan in rubuta mata "Masha Allah".