Daminar da Na Yi Gadin Masara a Madadin Karena

Ni mutum ne mai yanke shawara kamar wuƙar mahauci. Duk ƙauyenmu, kai har ka dangana da Doguwa ka hau Riruwai, babu wanda ake kawo wa magana ya raba ta gida biyu kafin shayi ya huce sai ni. Na taɓa sasanta rikicin iyakar gona ina zaune a kan babur, ban ko kashe inji ba. Na zaɓa wa ƙanena san noma daga jin kukansa kawai. Saboda haka da maganar karena ta taso, na ce wa 'yan majalisarmu su ba ni zuwa la'asar.

La'asar ɗin nan sai da ta cinye damina guda.

Gonata a gindin dutse take, inda daji ya fara. Ƙasa ce mai kyau, in ka jefa tsakuwa ma sai ta yi goyo. Aibinta ɗaya, birai. Biran dutsen nan sun fi ni sanin ranar da masarata za ta nuna. Suna saukowa da hantsi, babbansu a gaba kamar mai unguwa ya zo duba aiki, kowa ya karya ɗaya ya cusa a baki, ya riƙe ɗaya a hannu, ya gatsa wata ya yar don wulaƙanci. Masarar nan kuwa ita ce tuwon gidana har wata damina. Wata shekara abin da suka bar mini ko kaji sun raina shi.

Shi ya sa na nemo kare. Wani tsohon mafarauci da muke kira Baba ne ya ba ni shi yana ɗan kwikwiyo, ja, da farin tabo a ƙirji. A kwali na ɗauro shi bayan babur. Uwar yarana ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Malam, iyakarsa nan." Na ce ai dama ma'aikaci ne, ba baƙo ba. Na yi masa 'yar bukka a gona, na ware masa kaskonsa, ina kai masa ƙanzo da ragowar tuwo, ran da aka dace har da ƙashi.

Ya girma ya zama abin kallo. In ya yi haushi a gindin dutse, sai dutsen ya amsa masa sau uku. Daminarsa ta farko, tun bai gama cika ba, birai suka koma leƙe daga nesa suna zagina da yarensu. Na yi ta cika baki a majalisa har aka fara tashi in na zo.

Damina ta biyu, masara ta fara goyo, sai kare ya gane cewa shi namiji ne.

Akwai rugar Fulani a hayin rafi, akwai kuma wata karya a rugar. Ban taɓa ganinta da kyau ba, amma daga yadda karnukan ƙasar nan suka yi mata sansani, na tabbata ba a yi kamarta ba tun da aka fara karnuka. Nawa ya shiga layi. In je gona da safe in tarar da bukka wayam, kasko a kife, birai kuwa sun baje kamar an gayyace su walima. Sai bayan kwana biyu ya dawo, ciki ya lafe, ido ya faɗa, ya sha ruwa, ya dube ni kamar ya san ni a wani wuri, ya sake ƙetare rafi.

Wanda ya fara kawo maganar fiɗiya taubashina ne, ɗan gwaggona. Ina ce masa bawana, shi kuma tunda aka haife shi bai taɓa yarda ba. Ya zo ya tsaya a bakin gona yana duban ɓarnar birai.

Ya ce, "Ka kai shi a fiɗiye shi kawai. Bunsuruna ma haka ya addabi unguwa, yanzu ga shi can taure, har liman yana yabon halinsa."

Na ce, "Bawana, kare kake haɗawa da akuya?"

Ya ce, "Ni masara nake haɗawa da yunwa. Hau mu je wurin likitan dabbobi, yau kasuwa."

Muka tarar da likita a gefen kara, inda ake cinikin dabbobi, yana yi wa wani bunsuru aiki da wani ƙarfe mai kama da babbar filaya. Ban san lokacin da na haɗe gwiwoyina ba. Bunsurun ya yi wani kuka wanda har yau in na tuna sai na gyara zama. Likita ya lura da ni, ya yi dariya, ya ce na kare ba haka ake yi ba. Allurar barci ake yi masa, a yi aikin, a ɗinke, sai dai in kula da ciwon kada ƙuda ya samu wuri.

Na ce, "To Likita, in an yi, me zai zama?"

Ya ce, "Yawancinsu yawo yana raguwa. Zai fi zama wuri ɗaya. Faɗa da 'yan'uwansa zai ragu. In ba ka kula da cinsa ba kuma, zai yi ƙiba."

"Haushin fa?"

"Haushi ba a can yake ba, Malam. A maƙogwaro yake."

Taubashina yana gefe yana gyaɗa kai, yana haddace kowace kalma. Da na san abin da zai yi da su, da a gida na bar shi.

Na fito na yanke shawara: kasuwa mai zuwa za a yi. A hanyar gida na ce bari in biya in gaida Baba mafarauci, tunda shi ya ba ni karen. Na same shi yana gyaran tarko. Da na faɗa masa, ya ajiye abin da ke hannunsa.

Ya ce, "Ɗana, karen da na ba ka, kakansa ya tsayar da gadu shi kaɗai. Shi za ka mayar tunkiya mai haushi?"

Na ce, "Baba, likita ya ce haushin yana nan."

Ya ce, "Biri ba haushi yake tsoro ba. Biri yana duban idon kare ya san ko da zuciya a bayan haushin. Ka cire masa, ka gani in ba su hau bayansa sun yi sukuwa ba."

Na fito daga nan ma na yanke shawara: ba za a yi ba. Ka ga ke nan a yini ɗaya na yanke shawara biyu, kowacce kuma da ƙarfinta.

Na kai maganar wurin malaminmu bayan sallar azahar. Ya shafa gemu ya ce an tambaye shi a kan rago, an tambaye shi a kan sa, amma ni ne na farko da ya kawo masa kare. Ya ce in ciyar da shi, kada in azabtar da shi, sauran kuma zai duba. Har yau in mun haɗu sai ya ce, "Ina nan ina dubawa."

Birai dai ba su jira fatawa ba. Don haka na ce kafin in gama tunani, bari in riƙe wa karen aikinsa na kwana biyu. Na kafa rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, na shimfiɗa tabarma a sama. Na ja igiya zuwa kusurwoyi, na rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Na nemo majajjawa, abin da rabona da shi tun ina kiwon awaki. Jifana na farko ya sauka a kan tankin babur ɗina.

Da gwangwani ya daina ba su tsoro, na koma ihu. Da ihu ya zama musu kiɗa, wata rana na waiga hagu da dama, na ga ba kowa, na gwada haushi. Wallahi suka watse. Daga ranar na samu sana'a. Wata mai tallar nono ta taɓa tsayawa a bakin hanya ta tambaye ni ko na sake sabon kare ne, wai wannan muryarsa ta fi ta wancan kauri. Na ce mata eh, daga Kwanar Dangora aka kawo shi.

Sau ɗaya na kusa gamawa da maganar. Kare ya dawo da kunne a yage, yana ɗingishi, ƙashin haƙarƙarinsa kamar a ƙirga. Tausayi ya kama ni, haushi ya kama ni. Na wanke masa ciwon da ruwan gishiri, na ɗaura masa igiya a wuya, na ce gobe sai gaban likita, ko Baba zai yi fushi ya yi. Ina rufe baki sai ga birai sun gangaro. Karen nan da ko tsayuwa ba ya iya yi ya fizge igiya daga hannuna, ya bi su da ƙafa uku, ya kai su har ƙwanƙolin dutse, babban nasu yana gudu yana zubar da masara. Ya dawo ya kwanta a gindin rumfa yana haki, ya ɗora haɓarsa a kan takalmina. Na kwance igiyar da hannuna, na ce duk wanda ya taɓa shi ni ya taɓa.

Washegari ya ƙetare rafi.

Abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin shi ne, zaman rumfar nan ya fara yi mini daɗi. Iska tana kaɗawa daga dutse, masara tana ta raɗa a ƙasa, ga 'yar rediyota a gefe. Ba mai kawo mini ƙara, ba mai cewa in raka shi gaisuwa. In hura 'yar wuta in gasa masarar da na karyo yanzu-yanzu, wadda in ka gatsa ruwanta yake fesowa. Uwar yara ta aiko da dafaffiyar gyaɗa. Mai nono ta biyo, in dama fura a ƙwarya in sha in miƙe ƙafa. Gardamar majalisa da nake mutuwa a kanta, sai na ji ba na ko kewarta. Rabona da irin wannan hutu tun kafin in yi aure. In hadari ya taso in zauna ina kallonsa yana tahowa ta kan daji, sai ya iso sannan in ja leda in rufa.

Haka masara ta bushe muka karye ta. Rumbu ya cika har na ari buhuna. Su ma karnuka kasuwarsu ta watse, nawa ya dawo bukkarsa ya kwanta kamar wanda ya dawo daga ci-rani, ya mayar da jikinsa, ya ci gaba da yi wa birai haushi a kan karan da ba komai a jikinsa. Daga baya mai rugar ya tare ni a hanya yana dariya, ya ce in zo in ga jikokina. Na je. Duk jajaye, kowane da farin tabo a ƙirji.

Ranar da na koma majalisa, na zauna a benci sai da ya yi ƙara. Rigar da na ɗinka da sallah ta ɗame ni a ciki. Na sa aka zubo mini shayi, na yi gyaran murya, na ce jama'a su saurara, na yanke shawara. Kare zai zauna yadda Allah ya halicce shi. Gona ta tsira, masara ta cika rumbu, ba a zubar da jinin kowa ba, in baɗi ya sake tafiya ga rumfata nan ban rushe ba. Na ce irin wannan hangen nesa ba a kowane gida ake samunsa ba.

Taubashina ya kurɓi shayinsa, ya dube ni tun daga hula har tumbi.

Ya ce, "Ai ba ka yi asarar zuwa wurin likita ba. Ya ce za a daina yawo, a zauna wuri ɗaya, faɗa ya ragu, a yi ƙiba, haushi kuma yana nan. Duk na gani, ba wanda ya faɗi ƙasa. Ni dai abin da ban sani ba, yaushe ka koma aka yi maka?"