Ɗan Sama Jannati Mai Gaisuwa da Hannu Biyu

Sana'ata kwashe gidajen mutane ce. Idan mutum ya rasu a garin nan na London, ko aka kai shi gidan kula da tsofaffi, council, hukumar da ke da gidan, ta ba iyalinsa wa'adin mayar da makulli, ni ake kira. In zo, in duba, in yi ciniki a dunƙule, in loda a mota. Mai kyau ya hau teburina a kasuwar Deptford, sauran ya tafi bola. Uwata dillaliya ce a Jos, gida-gida take bi da ƙullin atamfofi a ka. Nawa ƙullin ya zama farar mota mai ƙofar baya da ba ta rufuwa sai an sa mata ƙafa. Abin da na ɗauko a wurin uwata shi ne kada in sayar da abu a haɗe matuƙar zai sayu a rarrabe.

A flat ɗin wani tsohon Bature a Camberwell na samu kwalin hotunan. Mai ɗaukar hoto ne a wani wurin shaƙatawa da ke bayan gari, irin mai lilo da jiragen wasa, wanda aka rufe tun kafin in zo ƙasar. Hotunan duk sun koɗe sun koma ruwan lemo. A cikinsu akwai mutane sanye da kayan 'yan sama jannati, riga da wando a haɗe masu ƙyallin azurfa, da kwalkwali kamar tukunya mai baƙin gilashi a fuska. Suna tsaye gaban wani kumbon katako, yara sun kewaye su da alawa a hannu. Na rataya hotunan a igiya, ɗaya-ɗaya. 'Yan jami'a suka yi ta ɗauka kamar ƙosai.

Akwai wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ke zuwa ya zauna a kujerar roba kusa da teburina. Tsohon direban tasi ne, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai a wani flat da ke bayan kasuwa. Ni ina ce masa Baba, shi yana ce mini Uwar Kasuwa. A Hausarsa kowa namiji ne, har ni, har 'yarsa. Ran nan ya zo zai zauna, ya ɗaga kai ya ga igiyar, sai ya fasa zaman.

"Uwar Kasuwa, ina ka samu waɗannan?"

"A gidan mutuwa, Baba, ina kuma? In kana so zan yi maka ragi."

Ya sa yatsa a kan guda. Ɗan sama jannati ne yana gaisawa da wani ƙaramin yaro.

"Wannan ni ne."

Na yi dariya, don na ɗauka tsokana ce. "Baba, wannan ai tukunya ce da ƙafafu. Ta ina ka gane kanka?"

"Wa zai kasa gane kansa?" Bai yi dariya ba.

Abin da ya sa dariyata ta tsaya shi ne na san wani abin da bai san na sani ba. 'Yarsa, ma'aikaciyar jinya ce haihuwar London, ta riga ta yi booking ɗina in kwashe flat ɗinsa ƙarshen wata. Ta samar masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi. Har na leƙa flat ɗin nasa wata rana yana masallaci, na ga agogon bango da keken ɗinkin marigayiyar, na yi musu kuɗi a raina. Da na tambaye ta dalili, ta ce mini mantuwar makulli da barin tukunya a wuta duk za ta iya jurewa. Amma ya fara gaya wa likita cewa shi ɗan sama jannati ne a da, duk Asabar yana zuwa duniyar wata. Ta ce mutumin da ya yi aikin akawu a unguwar Aldwych kafin ya kama tasi, ga hotonsa nan a bango da kwat da jaka, in ya kai ga wannan magana, ai ba a bar shi shi kaɗai.

Ranar ya zauna ya ba ni labarin, ina sallamar masu saye ina saurare da kunne ɗaya. Ofishin Aldwych gaskiya ne, amma shara yake yi a ciki kafin akawuna su iso. Kwat ɗin nasa ne, jakar ta aro ce, hoton kuma don mutanen gida aka ɗauka. Asabar da Lahadi da lokacin hutun makaranta sai ya hau jirgin ƙasa zuwa wurin shaƙatawar ya shiga rigar azurfa.

"Me ya sa suka ɗauke ka?"

"Don ba a ganin fuska," in ji shi. "Uwaye suna miƙo mini jariransu. Da sun san wanda ke ciki, wasu da sun tsallaka hanya."

Bai taɓa gaya wa matarsa ba. Ɗan limami guda, ya ƙetare teku ya je ya zama dodon yara? Sai da ta rasu bakinsa ya buɗe, lokacin kuwa babu mai yarda.

"Yarona ya ce kaina ya lalace," ya ce, yana nufin 'yar tasa. "Amma akwai hoto ɗaya, mun cire hular muna cin abinci bayan kumbo. Fuskata na nan. Duba kwalinka."

Na san hoton. Na kuma san ba ya cikin kwali, don na sayar da shi makon da ya wuce ga wata yarinya mai koren gashi, da katin wata jami'a da ke Aldwych rataye a wuyanta. Ban lura da fuskokin ba. Ni gefen hoto nake dubawa, ko ya yage ko bai yage ba.

Daga ranar ban ƙara samun zama ba. Ba halina ba ne bin kayan da na sayar, abin da ya bar teburi ya bar raina. Amma sai in ga ina naɗe wa mai saye faranti ina leƙen kan kowace yarinya da ta wuce. Na ba wata mata canjin da ba nata ba. Na je duba wani gida a Peckham na tsaya a ƙofar da ba ita ba ina ta danna ƙararrawa. In Baba ya zo ya zauna, ba ya tambayata komai, sai dai ya kalli igiyar, ni kuma in ji kamar kujerata na da ƙaya. Ƙarshen wata yana ta matsowa. 'Yar ta turo saƙo tana tambaya ko motata za ta ɗauki gado.

Na rufe teburi da rana tsaka, abin da ban yi ba ko ranar da haƙori ya kumbura mini fuska, na hau bas zuwa Aldwych. Wurin ba ya tsayawa. Bas na bin bas, masu zuwa gidajen wasan kwaikwayo na tururuwa, ɗalibai na fitowa ta kowace ƙofa da kofin shayi a hannu. Na tsaya a bakin titi kamar mai jiran bashi. Ashe koren gashi ba abin mamaki ba ne a wurin. Na tare wata, ba ita ba ce. Na bi wata har bakin tube, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta juyo ta riƙe jakarta da kyau. Na koma gida ƙafafuna na zogi, washegari na sake dawowa, ina zagin kaina a cikin bas. Ga ginin da Baba ya ce ya yi shara a ciki, yanzu otal ne, wani mai doguwar hula na buɗe wa mutane ƙofa.

A zuwa na gaba na same ta, gashin ya koma shuɗi. Ita ta gane ni. Hoton na cikin littafinta, ta ce za ta yanka shi ta liƙa a wani aikin zane. Na ce ta ba ni, ta zo teburina ta zaɓi duk abin da take so. Ta miƙo mini a nan bakin titi.

Mutum uku ne zaune a benci bayan kumbon, kwalkwalinsu a ƙasa, burodi a hannu. Dukkansu Turawa. A ƙarshen bencin akwai kwalkwali na huɗu, babu mai shi.

Na daɗe a tsaye mutane na bangaje ni. Ni mai ciniki ce, na san abin da ake kira shaida, wannan kuwa ba ita ba ce. Wataƙila ya tashi ne lokacin da aka ɗauka. Wataƙila kuma 'yar ce ke da gaskiya, ya taɓa kai yara wurin da tasi, kansa ya ɗinka sauran. Na yi kwanaki ina yawo a kan maganar tsohon da ke manta tukunya a wuta.

Duk da haka na sauke igiyar gaba ɗaya, na mayar da hotunan cikin kwali. Ranar da 'yar ta ce in zo mu ware kayan ɗauka da na zubarwa, na tafi da shi a hammata. Na tarar ta baza baƙaƙen ledoji a falo. Baba na zaune a kujerarsa da hula a ka, kamar baƙo a gidan wani.

"Anti, sannu da zuwa," ta ce. Daga nan ta koma Turanci, haka take, tana jin Hausa sarai amma ba ta mayarwa da ita. "Me ke cikin kwalin?"

"Kaya ne na kawo ki duba mini. Babanki ya ce yana ciki. Ni ban ce yana ciki ba, ban ce ba ya ciki ba."

Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya zo tayar da majinyaci. Na ba ta na bencin da farko, don ba na sayar da abu in ɓoye aibinsa. Ta duba, ta ajiye.

"Daddy, ba ka nan."

"Salla na je," in ji shi. "Ga hulata nan."

Ta rufe ido ta buɗe. Na juye sauran a kan teburin cin abinci, suka bazu har ƙasa. Ta fara tattarawa don ta mayar mini, tana haɗa su kamar karta, da sauri. Sai hannunta ya rage gudu. Ta ɗauki guda ta kai kusa da taga. Ta dawo ta tona ta ciro wani.

Sauran 'yan sama jannatin duk hannu suke ɗagawa sama, ko su yi sarawar soja, ko su riƙe ƙugu. Ɗaya ne kawai in zai gaisa da yaro yake miƙa dama, ya tallafe ta da hagu a wuyan hannu, ya ɗan sunkuyar da tukunyar kansa. A wani hoton ya gama gaisawa, tafinsa na kan ƙirji. A wani kuma wata tsohuwar Baturiya ce da sanda, shi kuwa ya rage tsawo, gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa, cikin wandon azurfa. Na yi makonni ina rataya hotunan nan ina saukewa, ni da aka haifa cikin wannan gaisuwa, ban gani ba.

"Manaja ya yi ta faɗa," Baba ya ce daga kujerarsa. "Wai mutumin duniyar wata ba ya durƙusa wa tsofaffi. Na ce to, ni dai ba a haife ni a can ba."

'Yar ta ja kujera ta zauna, ta shiga ware hotunan gida biyu. Wannan shi ne. Wannan ba shi ba ne. Ba ta tambaye shi ko sau ɗaya ba. Da ta gama, nasa tsibin bai kai rabin ɗayan ba, ta dafa shi da hannu.

"Kullum sai ka buge mini hannu in na karɓi abu da hannu ɗaya," ta ce masa. Sannan da Hausa, a karkace, "Baba, don me ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa. Ka kai ni likita."

Dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki, sai kuma dariyar ta koma kuka. Na tashi na shiga kicin na ba su wuri. Akwai tukunya a kan wuta, ruwan ya ƙone ƙurmus, gindinta ya fara baƙi. Na kashe, na fito na gaya mata a gabansa, don wannan ma gaskiya ce.

An yi cancel ɗin aikina na kwashe flat ɗin. Ba ta fasa kai shi asibiti ba, amma ta mayar da ɗakin gidan tsofaffin, ta sa aka cire masa murhun gas, wata mata 'yar Filato tana zuwa masa da safe. Ban san iya lokacin da hakan zai riƙe ba, ita ma ba ta sani ba. Agogon bangon na nan inda yake, da keken ɗinkin, kuma har yanzu in na shiga gaishe shi idona na zuwa kansu.

Sauran hotunan na mayar da su igiya. Abin da ke hana ni sakat shi ne waɗanda na sayar kafin ya gani, ban san nawa ne nasa a ciki ba. Suna rataye a ɗakunan ɗalibai ko'ina a garin nan. Yarinyar mai shuɗin gashi ta zo ta ɗauki fitilar tebur. Na ce ta tambayi ƙawayenta, duk wadda ke da ɗan sama jannati mai gaisuwa da hannu biyu ta kawo, zan musanya mata. An kawo guda. Baba ya juya shi, ya ce wannan ranar an yi zafi, har ya kusa suma a cikin rigar.