Begilar Sajan Wakili a Dutsen Hatta

Sajan Wakili mutumin Kagoro ne, kuma aikin da ya yi a soja shi ne busa begila. Ya je yaƙin Laberiya ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, shi ya sa ko gaisuwa zai yi sai ka ɗauka fareti yake jagoranta. Bayan ritaya zaman gida ya gagare shi, ya biyo 'yarsa Louisa zuwa Dubai, ya samu aiki a wani gareji a Ras Al Khor yana kula da kayan gyara. Yaran garejin duk Baba suke ce masa, shi kuma ya riƙe su kamar kurata, ba ka isa ka zo masa da takalmi babu goga ba.

Abin da ya dame shi a garin nan ɗaya ne, ba a busa begila a falat, gidan haya na bene. Sau ɗaya ya gwada, maƙwabta suka aiko mai gadi. Daga nan duk hutun ƙarshen mako sai ya nufi garin Hatta da ke wajen Dubai, ya hau dutse kusa da wani dam ya busa har ransa ya yi fari. Yakan ce duwatsun sun yi kama da na gida, sai dai babu ciyawa.

Da jiki ya ƙi, ya koma Kagoro, can ya rasu. Louisa ba ta samu izinin tafiya daga otal ɗin da take aiki ba. Aka binne shi ba wanda ya yi masa busar bankwana ta sojoji, alhali wannan busar kaɗai ya taɓa roƙa. Begilar kuwa tana Dubai a cikin akwatinta, kuma wannan abu ya tsaya wa Louisa a rai.

Ranar Lahadi bayan coci ta ɗauki begilar, suka tafi Hatta da abokan babanta biyu: Justin, tsohon soja mai aikin gadi, da Mukaila, bakanike ɗan Zangon Kumasi. Mukaila ya fara gwadawa, ya kumbura kumatu, abin da ya fito sai ka ce akuya aka taka wa wutsiya. Justin ya ce shi bindiga ya riƙe, bai taɓa kai begila baki ba.

Louisa ta karɓa. Rabonta da ita tun tana yarinya a barikin Jaji. Ta rufe ido ta busa abin da bakinta ya tuna, ya fito tar, duwatsu suka amsa. Justin ya ƙame ya sara, amma kafaɗunsa na rawa.

"Kawu Justin, lafiya?"

"'Yata, ai wannan ba ta bankwana ba ce. Kiran cin abinci kika busa."

Sai ta gane. Da wannan busar babanta yake kiransu daga wasa kowace yamma in tuwo ya sauka suna yara, kuma ita ce kaɗai busar da ta iya.

"In sake?" ta tambaya, tana dariya tana share hawaye.

Mukaila ya riga ya fara kwance kular shinkafa. "Khalas, shi ke nan, ƙanwata, bar shi haka. Baba bai taɓa jin wannan ya ƙi zuwa ba."