Rabin Kek a Ɗakin Wankin Ƙoda

A tashar bas kowa Tulu yake ce masa, shi ma ya daɗe da daina jin haushi. Shekara da shekaru yana tuƙa doguwar bas ta cikin gari, tumbinsa na gogar sitiyari, aljihun ƙofar motar cike da biskit da alawa. In cunkoso ya riƙe shi, ya ɓare ɗaya. In fasinja ya ɓata masa rai, biyu.

Sai ƙodojin ƙanwarsa suka daina aiki. Ita ce autar gidansu, tela ce, mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan mata biyu. Aka yi gwaji, jininsu ya dace. Likitar ta ƙare masa kallo.

"Ƙodarka za ta yi mata. Amma ba zan bari a yi maka aiki da wannan jikin ba. Sai ka rage, sosai."

"Kamar nawa, Likita?"

Ta faɗa masa. Ya fara dariya, ya ga ita ba ta yi ba, ya haɗiye sauran.

Matarsa ta karɓi aikin kamar wadda aka ɗauka gadi. Kullum da safe robobi biyu na jiransa a kan tebur: dafaffen ƙwai da ganye a ɗaya, kifi da shinkafar da ba ta cika tafin hannu ba a ɗayar.

"Baban yara, wannan na safe, wannan na rana. Kada ka haɗa su ka cinye tun ba ka fita layin nan ba."

"Wannan ai abincin zomo ne."

"To, zomon ya fi ka gudu."

A tasha ma bai tsira ba. "Tulu, an ce so kake ka koma kwalba?" Sai ya murmusa, ya juya wa mai shayi baya, ya buɗe robarsa a kujerar direba.

Abu ɗaya likitar ta bar masa: zaƙi sau ɗaya a mako, don kada ya gaji ya watsar da komai. Ya ajiye wannan ɗayan sai ranar da yake raka Auta wankin ƙoda. Zai sayi yankan kek a shagon bakin asibiti, ya ja kujera kusa da injin, ya raba shi biyu da murfin roba.

"Yaya, ba ni babban."

"Ke da ba kya ci?"

"In kalle shi mana."

Ta ɗan gutsura, ta tura masa sauran, ya ƙi. Haka rabinta yake bushewa a kan takarda har a cire mata robobin jini.

Ita ke rage masa wandon aiki duk lokacin da ya fara zamewa. Daga baya ta ce ya kai wa wani telan, wai kekenta ya lalace. Bai tambaya ba. Ya ga dai ƙafafunta sun kumbura, ya ga tana hutawa a tsakiyar magana, sai ya ƙara rage shinkafar.

Ranar da ya hau sikeli ya kai abin da aka ce, nas ta tafa masa. Likitar kuwa ta ce ya zauna.

"Zuciyar ƙanwarka ba za ta ɗauki aikin ba. Mun gane haka tun watannin baya. Ita ta roƙa a bari ta faɗa maka da bakinta, amma har yau ba ta faɗa ba."

Ya sami Auta a gadonta, injin na ta juyawa.

"Kin sani."

"Na sani, Yaya."

"Kika bar ni ina kiwon ganye kamar akuya?"

"Da na faɗa maka, ranar za ka koma wa biskit ɗinka. Ka manta Baba? Bai kai shekarunka ba ya faɗi ya mutu a bakin ƙofa, da irin jikinka sak. Ina jin hakinka tun daga matakala in ka zo duba ni."

"Ni ba don kaina na yi ba!"

"Shi ya sa ka iya."

Ya zauna. Kujerar da a da take matse shi yanzu har da sauran wuri. Ya dafa gefen cikinsa.

"To me zan yi da ita yanzu?"

"Ka riƙe abarka. 'Yan matan nan kawu suke buƙata, wanda zai daɗe."

Ya miƙe. Ya gyara mata bargo, ya fita, domin bas ɗin yamma tasa ce. Yana kunna mota wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"An yi awon?"

"An yi."

"To? Ka yi magana mana!"

"Na kai."

Ya ji ta tana kiran yara da murna, tana cewa su zo su ji. Ya riƙe wayar a kunne, fasinjoji suna ta shigowa, ya kasa gano ta inda zai fara.