Tattabaru Tara na Kofur Na'Allah

A Roni, idan ka bi ta bayan kasuwa ka nufi gindin dutse, akwai wani gida mai katangar ƙasa da aka rataye tukwane tara a jikin bangonsa. Gidan Kofur Na'Allah ke nan, wanda manya da yara ke kira Baba Soja. Dogo ne siriri, kunnensa na hagu ya mutu tun a Laberiya, shi ya sa idan ana masa magana yake karkato da kai kamar mai sauraron motsin guga a rijiya.

Ɗan manoma ne. Yana da shekara ashirin gyaɗa ta ƙi, gero ya ƙi, sai ya hau bayan wata babbar mota a Kazaure ya tafi neman shiga soja. A bayan motar nan ya haɗu da wani saurayi mai wushirya daga Gwiwa, Sama'ilu, wanda ya raba ƙuli-ƙulinsa biyu ya miƙa masa rabi tun bai tambayi sunansa ba. Tare aka aske musu kai, tare suka koyi fareti, kuma bayan shekara takwas tare aka zuba su a jirgin ruwa aka kai su rabon faɗa a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa.

Su goma sha biyu ne a rukuninsu. Uku suka dawo. Sama'ilu ya cika a kan cinyar Na'Allah cikin wata gonar roba, da hantsi, yana neman ruwa. Na'Allah ya haƙa masa rami da wuƙar bindiga da yatsu, ya kintaci alƙibla, ya zare zoben azurfar da ke hannunsa, ya rufe shi. Kwana biyu bayan haka abin da ya kashe masa kunne ya fashe kusa da shi, ya yi wata bakwai a gadon asibiti bai san sunan kansa ba.

Kafin ya dawo gida, labari ya riga shi. Takardar da ta isa Gwiwa ta ce ba a ga Sama'ilu ba, wani kuma ya rantse cewa ya hange shi a kasuwar can da wata mace mai ɗan kanti. Shi ke nan, gari ya yanke hukunci: gudu ya yi. Na'Allah ya kai wa Dela, matar Sama'ilu, zoben, ya faɗi abin da idonsa ya gani a gaban dattawa. Aka ce aboki ai dole ya rufa asirin aboki, zobe kuma mai rai ma yana iya bayar da shi. Dela ta yi takaba, mata suna ƙus-ƙus wai takabar wa take yi. Shekara talatin da 'yan kai ana kiranta matar wanda ya gudu, har idanunta suka fara dushewa.

Shi kuwa Na'Allah ya yi gadin rumbunan hatsi, ya yi noma, ya kama kiwon tattabaru. Farare tara yake riƙewa, ba ya ƙari ba ya ragi, kowacce da sunan ɗaya daga cikin mutum taran da suka kwanta a can. Idan wata ta mutu, 'yarta ta gaji sunan. Kullum da safe, idan rana ta taɓa kan dutse, sai ya sa tsohuwar hularsa ta soja, ya tsaya ƙam a tsakar gida, ya cire ta, ya zuba gero tafi biyu a ciki, ya riƙe ta a gaban ƙirjinsa yana kiran suna.

"Bitrus. Muhsin. Sama'ilu Gwiwa."

Su sauko kamar an watsa auduga, wasu a kafaɗa, wasu a damtse, kawunansu cikin hula.

"Kofur," in ji matarsa Fatu daga bakin murhu, "ka gaya wa rundunarka shanyata ba masai ba ce."

"Ki kai ƙara gun kwamanda."

"Ai shi ne ya fi su rashin ji."

Shekarar da zaɓe ya matso, tsofaffin sojoji suka zama abin cacar baki a rediyo. Sojojin bakan wannan ɓangare su ce an bar jarumai suna gadin shaguna, na wancan su ce ku da kuna sama me kuka tsinana musu. Har wani ya tambaya wai wa ma ya aike su yaƙin da ba namu ba. Cikin wannan ne Honarabul Jalaluddeen, wani mai neman kujera, ya shelanta cewa zai yi taron tunawa da mazan jiya na ƙashin kansa a wani filin ƙwallo a Kazaure, da furanni da fareti da sakin fararen tattabaru, kamar yadda ake gani a talabijin.

Sabiru, na hannun daman Honarabul, shi ya zo Roni. Ya durƙusa rabi da rabi, yana kare farar shaddarsa daga ƙasa.

"Baba Soja, farare muke so. Faɗi abin da za a ba ka."

"Ba na sayarwa ba ne, ɗana. Aro zan ba ku. Ku sake su kawai, sun san hanyar gida. Amma ina da sharaɗi."

Ya shiga ɗaki ya fito da takarda da ya ninke huɗu. Sunaye tara ne a ciki, da garuruwansu.

"A karanta su a lasifika, a ce sun mutu a bakin daga. Musamman na ƙarshen nan."

"Wannan ne kawai? Baba, Honarabul da bakinsa zai karanta. Har kuka zai yi, ka gani."

"Sai abu na biyu. Ku ba su gero da ruwa da safen ranar, su ƙoshi. Idan suna jin yunwa ba za su tashi sama ba, mai ba su abinci za su nema."

"An gama, Baba."

Sabiru ya soka takardar a aljihu, ya tafi da tattabarun cikin keji saura kwana biyu taro. A hanya ya tuna an taɓa yin wani taro da tattabaru suka ƙi tashi, aka yi wata guda ana yi wa mai taron dariya, kuma ya ji an ce cika musu ciki aka yi suka yi nauyi. Saboda haka ya rufe kejin da buhu a gareji, ya hana a ba su ko ƙwaya.

Na'Allah ya aika wa Dela da saƙo. Ita kuma ta bi gida gida a unguwarsu tana faɗa cewa ranar Laraba za a kira sunan malam, mijinta, a gaban manya. Mata huɗu suka biyo ta don su ji da kunnensu, har da Ikilima, maƙwabciyarta, wadda ta fi kowa riƙe tsohon zancen.

Ranar ta zo da sanyi. Aka jera tsofaffin sojoji goma sha bakwai a gaban rumfa, har da Na'Allah, cikin kakin da ya koɗe, wani da sanda, wani da hannun riga a ninke. Suka tsaya awa uku kafin Honarabul ya iso. Ya yi jawabi mai tsawo, rabinsa a kan abokan hamayya, waɗanda matasansu suka yi cirko-cirko a bakin fili da wayoyi a hannu. Mai gabatarwa ya ce yanzu za a saki tattabaru, daga nan a karanta sunayen waɗanda suka riga mu.

Aka kawo keji aka yaye buhu. Taku goma ne tsakanin Na'Allah da su, amma ya ga yadda suke tsaye, gashi a hargitse, wuya a miƙe, ido na yawo. A daidai lokacin da Honarabul ya ɗaga murfin, tsohon sajen da ke jagorantar layin ya daka tsawar a cire hula don girmama matattu.

Na'Allah yana da numfashi ɗaya da zai iya ƙin bi. Amma hannun da ya shekara ashirin da biyu yana bin wannan tsawa bai jira shawararsa ba. Hula ta sauko gaban ƙirji.

Tattabaru tara suka fito, suka yi rabin kewaye ƙasa-ƙasa bisa kan manyan baƙi, suka zubo masa. Kafaɗa, damtse, tsakar kai. Suka cusa baki cikin hular da ba komai, da ba su samu ba suka koma saran yatsunsa har jini ya tsattsafo.

Sai wani ya ƙwala ihu daga baya.

"Sun ƙi! Wallahi ko tsuntsu ya ƙi shi!"

Dariya ta ɓarke kamar an fasa tulu. Honarabul ya sauko da kansa yana kaɗa hannun babbar riga, yana cewa shuu, shuu. Su tashi kamu ɗaya su koma. Hular Honarabul ta faɗi, wayoyi na ɗauka. Na'Allah bai motsa ba, domin ba a ba da umarnin a huta ba. Yana tsaye ƙam, kashin tsuntsu na gangarowa kan lambar yabonsa, idonsa na kan aljihun Sabiru. Sai dutse na farko ya faɗo kan rumfa, kujeru suka fara tashi sama, tattabarun suka firgita suka yi yamma. Cikin minti biyar ba kowa a gaban lasifika.

Na'Allah ya samu Dela a gindin wata darbejiya, ta ƙanƙame mayafinta.

"Kofur, kai ne? An kira? Hayaniyar nan ta hana ni ji."

Bai kai ga buɗe baki ba Ikilima ta riga shi.

"A kira wa? Ai matattu aka ce za a kira, Dela. Tashi mu tafi kada mota ta cika."

Ya tarar da tattabarun sun riga shi gida, Fatu ta ba su tsaki. Bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofa. Sabiru ya shigo ba sallama, da ƙarti huɗu a bayansa.

"Tsoho, da wa ka haɗa baki? Wane malami ya yi maka aikin?"

"Na ce ku ba su abinci, ɗana."

"Ni ba ɗanka ba ne. Duk ƙasar nan ana kallon maigidana yana shuu shuu kamar mai gadin shanya. Ku kamo su."

Ƙartin suka yi ta tsalle, tsuntsayen suka haye kan katanga. Sabiru ya tsaya yana kallo, can ya yi murmushi. Ya miƙa hannu ya cire hular daga kan Na'Allah, ya ɗebo gero a ƙwaryar Fatu ya zuba, ya riƙe a gaban ƙirjinsa.

Suka sauko.

Biyu suka riƙe tsohon, biyu suna karɓa suna yankawa a bakin kwata. Ba wanda ya ji abin da yake faɗa ƙasa-ƙasa duk lokacin da wuƙa ta sauka, sai Fatu, wadda ta san jerin. Da aka gama, Sabiru ya laluba aljihu yana neman abin goge wuƙa, ya zaro takardar nan, a ninke huɗu yadda aka ba shi. Ya goge gaba da baya, ya jefar. Suka tafi da naman a leda.

Kwana uku bayan haka 'yan ɗaya ɓangaren suka zo, da sallama da goro. Malam Nuruddeen, babban sojan bakansu, ya tsuguna har ƙasa ya ce an zalunci jarumi, dole duniya ta ji daga bakinsa a rediyo. Fatu ta ce kada ya yarda. Na'Allah ya yi tambaya ɗaya.

"Rediyon nan yana kaiwa Gwiwa?"

"Har Nijar, Baba."

Na'Allah ya yi maganar tattabaru a taƙaice. Daga nan ya gyara zama ya faɗi sunaye tara ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi gonar roba, da hantsi, da ruwan da Sama'ilu ya nema, da ramin da ya haƙa. Malam Nuruddeen yana riƙe da waya yana gyaɗa kai yana cewa Allahu akbar. Na'Allah ya sake aika wa Dela: ranar Alhamis bayan magariba, ta kunna rediyo, ta kira mutane.

Ta kira su. Shi ma ya zauna a tabarma ya manna rediyo a kunnensa mai rai. Aka gabatar da shi a matsayin wani tsohon saje daga Babura. Sai ya ji muryarsa tana cewa, "Yunwa suke ji, sun san wanda ba zai ba su ba." Aka maimaita sau uku, da dariyar Malam Nuruddeen a tsakani, aka saki waƙar jam'iyya. Ya jira har aka fara tallan takin zamani.

Ranar kasuwar Roni wani ɗan acaɓa daga Gwiwa ya yi sallama, ya miƙa masa ƙullin tsumma.

"Iya Dela ce ta ce a kawo maka. Ta ce a ce maka ta gode, amma don Allah ka daina aiko mata."

Zoben azurfa ne, ya yi baƙi.

Washegari rana ta taɓa kan dutse. Fatu na bakin murhu ta ga Na'Allah ya fito da hular, an wanke ta amma tabon jini bai fita ba. Ya tsaya a gaban tukwane tara, ya cire ta, ya sa zoben a ciki, ya ɗebi gero ya zuba a kansa.

"Sama'ilu Gwiwa," ya ce.

Ya karkato da kai, yana jira.